Babban Yatsan Inna Binta

Likitan Maradi bai ja magana ba. Ya ɗaga hoton ƙashin ya dube shi ta hasken taga, ya ce mako biyu. Idan Alhamis ta biyu ta zo babban yatsan Inna Binta bai sauya ba, zai yanke shi daga gaɓa, tun cutar ba ta ci ƙashi ta gangara cikin hannu ba.

Miriyamu ce ta raka ta, ita ce kuma ta mayar mata da maganar cikin Hausa, don da Faransanci likitan ya yi ta. Ta yi ta neman kalma mai laushi ta rasa. Inna Binta ta saurara har ƙarshe, ta gyara lulluɓinta da hannun hagu, ta yi wa likitan godiya kamar wanda ya ba ta goro. Sai da suka shiga motar Madarunfa, gonakin gero suna ta wucewa kore shar ta taga, sannan ta ɗora hannun a cinya ta zuba masa ido.

"Maryama," ta ce, "da wanne zan riƙa riƙe ludayi?"

Inna Binta da mijinta kaɗai ke kiranta Maryama. A gida da majami'a Miriyamu ce, ɗiyar Kalebu kafinta. Amma sa'adda aka haife ta, zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarta Ruth wata biyu cur, nono ya ƙafe. Maƙwabciyarsu Binta, wadda ita ma ke da jaririya a goye, ta leƙo ta kan danga ta ji kukan, ta miƙo hannu ta ce a ba ta. Babu wanda ya tsaya tambayar liman ko fasto. Tun daga nan Miriyamu ta tashi da uwaye biyu, kuma a bakin tandar Inna Binta ta koyi tafiya, inda tsohuwar ta shekara ashirin da shida tana toya masar gero tana sayar wa masu shiga gona da masuntan tafki.

Yanzu Miriyamu ce mai gwaji a ɗakin labo na likitar garin, wato asibitin Madarunfa. Shi ya sa tambayar ta zauna mata a ƙirji kamar dutsen niƙa.

Wata uku ke nan da fara ciwon. Gefen farce ne ya kumbura ya yi ja, mutane suka ce karkare ne, aka huda lemun tsami aka cusa yatsan ciki. Da ya fara ruwa, Miriyamu ta ja ta zuwa likita, ta ɗebi mugunyar da kanta ta duba, ta rubuta cewa bakteriya ce. Yoshiya, majon likitar, wato babban mai jinya, wanda za a ɗaura musu aure da Miriyamu bayan kaka, ya rubuta magani. Mako guda yatsan ya sabe, kowa ya yi hamdala. Mako na biyu ya dawo ya fi da. Aka sauya magani, ya lafa, ya dawo. Aka sake sauyawa. A tsakani aka gano sukari ya yi yawa a jinin Inna Binta, aka ɗora ta a kan maganinsa, aka ce shi ne ya hana warkewa. Sukarin ya sauka, yatsan bai saurara ba.

Washegari da hantsi Miriyamu ta sake ɗibar mugunyar, wannan karon daga can ciki, ƙarƙashin farcen da ya riga ya ɗaga. Inna Binta ta cije haɓar zanenta. Miriyamu ta shafa abin a kan ɗan gilashi, ta busar, ta zuba rini shuɗi, ta wanke, ta zuba ja, sannan ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. An ɗauke wuta, don haka ta jawo teburin kusa da taga ta tara hasken rana.

Da farko hazo kawai take gani. Ta murɗa a hankali. Sai filin ya buɗe.

Bakteriyar tana nan, ƙananan ɗigo-ɗigo masu duhu, curi-curi, yadda ta san su. Amma ba a warwatse suke ba. Wasu zaruruwa dogaye sun ratsa filin, sun yi rassa, sun sarƙe da juna kamar saƙar tabarma, kuma a jikin kowane zare ɗigon sun manne sun yi cincirindo kamar ƙudan zuma a reshe. Nan da can, a bakin zaren, ga wasu ƙwayoyi manya masu siffar ƙwai, wata na tsirowa a jikin wata. Yis ne. Irin wanda ke yin fari a bakin jarirai, wanda ke zaune a fatar kowa shiru ba ya cutarwa sai ya samu ƙofa.

Ta ɗago kai. Abin da ta gani ya tuna mata da wani abu.

Akwai wani tsohon gwangwanin madara a ƙasan kabad inda take ajiye gilasan da ta gama da su, kowanne da suna da kwanan wata. Ta zazzage shi a kan tebur, ta nemo na Inna Binta na farko. Ta sa shi a madubi. Ga su nan. Ba su da yawa, huɗu ko biyar a kusurwa, da ɗan guntun zare guda ɗaya. Ta gan su a ranar. Ta tuna sarai ta gan su, har ta ɗan tsaya. Sai muryar malamarsu ta makarantar koyon gwaji ta faɗo mata, mace mai kaifin harshe da ba a yi mata musu: yis a kan miki dattin fata ne, kada ku cika wa likita takarda da shi. Duk ƴan ajinsu haka suka fito suna yi. Ita ma ta ɗauki bik ta rubuta suna ɗaya, ta bar ɗayan.

Miriyamu mai karatu ce, irin waɗanda ba sa wuce takarda a ƙasa sai sun juya ta. Ta zauna a kan kujerar ƙarfe da salularta har rana ta take, tana bin abin da masu bincike suka rubuta. Ga abin da ta fahimta. Halittun nan biyu in sun haɗu a miki ba zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi suke yi ba. Yis ɗin yakan saƙa zaruruwansa ya lulluɓe su da wani yauƙi, bakteriyar ta shige ciki ta fake, magani ya zo ya kashe na waje ya bar na ciki. Idan zaren ya huda nama ya nutsa, sai ta bi bayansa ta kai inda ita kaɗai ba za ta kai ba. Kuma kowane zagaye na maganin bakteriya yana share har da masu amfanin da ke tare wa yis ɗin hanya, ya ƙara samun fili. Wata uku suna yi masa sharar gona.

Ta tarar da Yoshiya a ɗakin wankin miki yana tafasa almakashi.

"Madam Labo," ya ce da murmushi, "yau ko gaisuwa babu? Ko tun yanzu an fara yi mini yanga?"

"Majo, zo ka ga wani abu."

Ya ga fuskarta, ya bar wasan. Ya sunkuya a kan madubin ya daɗe. Ta sauya masa gilashin, ta sa na farkon, ta nuna masa kwanan watan da yatsa.

"Na gan su tun ran nan," ta ce. "Ban rubuta ba."

Bai yi saurin lallashinta ba, kuma ta ji daɗin haka, don da ya ce ba komai da ta fashe da kuka. Ya ja kujera ya zauna.

"Ko da kin rubuta, ban san ko da na kula ba. Ni ma haka aka koya mini." Ya shafa ƙeya. "Amma akwai abin da ke damuna tun tuni. Yis ba ya son bushewa. Duk kwana uku nake wanke mata, in naɗe da bandeji mai tsabta, in ce Inna, kada ruwa ya taɓa. Ta rantse mini ba ya taɓawa. Amma duk sa'adda na kwance, fatar fari fat, ta yi taushi kamar wadda ta kwana a tafki. Daga ina ruwan yake zuwa?"

"Inna ba ta ƙarya."

"Ban ce tana yi ba. Kuma kin san ni suruki ne, ba ni da bakin da zan tsare ta da tambaya. Ke ce ɗiya."

Da sassafe, rana ta fara leƙowa ta kan tafki, Miriyamu ta yi sallama a gidan. Ƙanshin hayaƙin kara da tsamin ƙullu suka tarbe ta, ƙanshin da ta fi sani a duniya. Inna Binta na zaune a kan tabarma, babbar ƙwaryar ƙullu a gabanta an rufe da faifai. Baba Mahaman, mijinta, yana durƙushe a gefenta, hauyarsa jingine da bango, ya riga ya yi shirin gona. Ba su ji shigowarta ba.

Ta tsaya a bakin zaure tana kallo.

Tsohon ya ɗauki hannun matarsa ya ɗora a gwiwarsa, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya ɗan ɗaga bakin bandejin, ya ɓalle wani kafso ja da rawaya, ya barbaɗa garin a kan mikin, yana hurawa don kada ya yi mata zafi. Sannan ya ciro baƙar leda daga aljihu, sabuwa fil, ya sa yatsan ciki, ya naɗe, ya sake naɗewa da ta biyu. Ya kawo siririyar robar taya ya ɗaure gindin tam, ya ja ya gwada, ya ƙara ɗauri. Da ya gama bai saki hannun ba. Ya riƙe shi cikin tafukansa biyu, ya yi addu'a ƙasa-ƙasa, ya tofa.

"To, Tasafo," ya ce, don haka yake kiranta da sunan garinsu, "ko ɗigo ba ya shiga."

"Ka matse da yawa, Malam."

"Gara haka."

Sai Inna Binta ta buɗe faifan ta tsoma hannun dama cikin ƙullu har wuyan hannu, ta fara bugawa.

Miriyamu ta ci gaba da kallo daga bakin zaure. A duk littattafan da ta karanta, da duk wasiƙun da Yoshiya ya rubuta mata suna makaranta, ba ta taɓa cin karo da ƙauna mai kyau kamar wannan ɗaurin leda ba. Kuma ita ce ke cinye yatsan.

"Baba," ta ce, "tun yaushe kake ɗaura wannan?"

"A'a, Maryama, ke ce da sassafe? Tun ran da Majo ya ce kada ruwa shi taɓa. Ban yi fashin ko kwana ɗaya ba." Ya faɗa da ɗan alfahari. "Sai bayan isha nake kwancewa. Kafson kuwa daga Ɗan Issa na sa aka kawo, an ce shi ya fi ƙarfi."

Ta durƙusa ta ciro hannun Innar daga ƙwarya, ta goge shi da gefen zanenta, ta kwance robar. Tun ba a daɗe da ɗaurawa ba, cikin ledar ya riga ya yi gumi, ɗigon zufa sun taru a jikinta, kuma wani siririn farin ruwan ƙullu ya silale ta bakin ɗaurin ya jiƙa bandejin. Ɗumi, danshi, da ɗan abinci, daga fitowar rana har dare, wata uku.

Ta fara bayani ta rikice. Ta ce yis, Inna Binta ta zabura.

"Ƙulluna? Ƙulluna ne ya sa mini cuta? Shekara ashirin da shida mutane na ci, wa ya taɓa kwanciya?"

"Ba na ƙullu ba, Inna. Ɗan uwansa ne, amma wannan a jikinmu yake zaune, ni ma ina da shi. Sai dai in ya samu wuri mai ɗumi da laima..."

Ta ga ba sa bin ta. Sai ta ciro salula ta nuna musu hoton da ta ɗauka jiya ta bakin madubi. Baba Mahaman ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya ƙura. Ta nuna masa zaruruwan, ta nuna masa ɗigon, ta ce maganin da aka yi ta bayarwa na ɗigon ne kawai.

Ya bi zaruruwan da yatsa.

"Wannan ai gonata ce," ya ce. "Ga karan dawa, ga wake ya naɗe shi. Waken da ke fili rana takan ƙone shi, na gindin kara kuwa yana cikin inuwa, lafiya lau. Wato ku kuna ta tuge na fili, na gindin kara shina nan, in kun juya baya ya sake yaɗo."

"Haka ne, Baba. Haka ne daidai."

"Shi kuma karan, mi yake so?"

Idon Miriyamu ya sauka kan ledar da ke yashe a tabarma, shi ma ya bi idonta. Ta ga fuskarsa ta sauya a hankali, kamar bangon ƙasa da ruwan sama ya fara ci.

"Ni nake yi masa ban ruwa ke nan," ya ce. "Kowace safiya. Da hannuna."

"Baba, ba kai ka fara ba. Ni ce." Hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo. "Na ga karan tun yana ɗan tsiro, ranar farko da Inna ta zo. Na ɗauka ba komai ba ne, ban rubuta ba. Da na rubuta, da ba mu kai nan ba. Inna, ki yafe mini."

Inna Binta ta dubi wannan, ta dubi wancan. Tsoho ya sunkuyar da kai, budurwa na sheshsheƙa.

"To, kun gama rabon laifin?" ta ce. "In akwai saura ku ba ni nawa, ni da na ƙi zama. Ke, share fuskarki, da hawaye aka ce miki ana warkar da yatsa? Faɗa mini abu ɗaya: zai tsaya ko ba zai tsaya ba?"

"Ban sani ba, Inna. Amma yanzu mun san su biyu ne. Za a ba ki maganin kowanne. Majo zai cire farcen ya kankare wurin. Babu leda, babu kafso. Kuma hannun nan ba zai shiga ƙullu ba, ko sau ɗaya."

"Wa zai buga? Jamila ɗiyata tana ɗakinta a Sarkin Yamma da ɗanyen goyo. Hagu ba ta bugu, na gwada, masar fitowa take kamar takalmi. In rufe tanda? Ban taɓa rufewa ba sai ranar haihuwa."

Baba Mahaman ya tashi ya ɗauki buta da sabulu, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya wanke hannu sau uku kamar mai alwala. Ya dawo ya zauna gaban ƙwarya, ya yi bisimilla, ya tsoma.

"Malam! Mi kake yi haka? Mutane su ce mi?"

"Su ce abin da suka ga dama. Ta ina ake farawa?"

Ba a jima ba kan Larai maƙwabciya ya bayyana a saman danga.

"Lale, lale! Yau mi zan gani? Malam Mahaman, in aiko maka da zane da kallabi?"

"Aiko da naki, Larai, na ga ba ki amfani da shi a madafa."

Har Inna Binta sai da ta yi dariya, tana ce masa ba haka ba, daga ƙasa ake ɗagowa, kamar mai kiran iska ta shigo ciki.

A ranar Yoshiya ya yi wa yatsan allurar kashe zafi, ya cire farcen, ya kankare wani farin yauƙi mai kauri da ya shimfiɗe a kan naman. Miriyamu ta hau kabu-kabu ta je Maradi da gilasan biyu, ta nuna wa likitan, ya rubuta maganin yis a haɗa da na bakteriya, ya ce amma Alhamis tana nan yadda ya faɗa. Aka rufe mikin da shara-sharan bandeji falle ɗaya mai shan iska. Inna Binta ta koma zaman kujera a bakin tanda, yatsa a tsaye sama, tana ba da umarni kamar shugabar sojoji. Baba Mahaman na buga ƙullu kafin ya tafi gona, Larai, bayan ta gaji da tsiya, ta shigo tana juya masar. Masu saye suka ce ta ɗan sauya, amma suka ci gaba da zuwa, wasu ma don kallo.

Kwana biyar babu wani canji da ido zai gani. Miriyamu ta daina cin abincin kirki. A majami'a ranar Lahadi ana waƙa, ita tana kallon babban yatsanta tana lanƙwasa shi, tana lissafa abubuwan da mutum ke yi da shi bai sani ba: ɗaura zane, ɓare gyaɗa, jan carbi, share hawayen jariri. A rana ta shida warin ya ragu. A ta bakwai, da ta duba sabon gilashi, ta ga zaruruwan sun fara kakkaryewa, ɗigon sun warwatse a fili babu mafaka. Ta fito da gudu ta kama hannun Yoshiya a gaban marasa lafiya, sai da wata tsohuwa ta yi gyaran murya.

A rana ta tara ta leƙa gidan da rana tsaka ba zato. Tana kama hannun ta ji bandejin da sanyi. Ta kai hanci. Tsamin ƙullu.

"Inna."

"Ɗan taɓawa kawai na yi in ji ko ya tashi. Shi Malam bai san tashin ƙullu ba, sai ya ga kumfa ya ce ya yi. Da wannan yatsan nake ganewa, Maryama, tun ba a haife ki ba."

Miriyamu ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa ta kwance bandejin, ta busar da wurin, ta sa sabo. Sai da ta ɗaure sannan ta yi magana, ba ta ɗago kai ba.

"Ina ƴar shekara bakwai, ranar lallen Yaya Rabi, na yi kuka na ce ni ma a sa mini. Kika ce in bari, ranar nawa ke za ki fara sa mini da hannunki, kafin Mama, kafin kowa. Saura wata biyu. Ni ban manta ba. In an yanke shi, sai dai ki tsaya kina kallo wata ta sa."

Inna Binta ta kira Larai ta kan danga ta ce ta zo ta ɗauki ƙwaryar ta kai gidanta, a riƙa kwaɓawa can, kada ta ƙara ganinta a tsakar gidan nan sai an ce.

Ranar Alhamis su uku suka shiga mota, har da Baba Mahaman cikin rigarsa ta sallah. Aka sake ɗaukar hoton ƙashi. Likitan ya kwance bandejin ya danna nan, ya danna can, yana kallon fuskar tsohuwar. Kumburin ya sauka rabi, naman ya yi ja mai kyau, ba ruwa. Ya ɗauki takardar gwajin da Miriyamu ta haɗo. Ta rubuta sunaye biyu, ɗaya bisa ɗaya, kuma a ƙasa ta ƙara layi guda da hannunta cewa yis ɗin yana nan tun gwajin farko, mai gwaji ce ba ta rubuta ba.

"Wa ya sa ki rubuta wannan na ƙasa?"

"Babu kowa."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ninke takardar ya sa cikin fayil. Sannan ya ɗaga hoton ta hasken taga, ya daɗe fiye da wancan karon. Baba Mahaman na jan carbi har ana jin ƙarar ƴaƴansa.

"Ƙashin ya tsaya inda yake," in ji likitan. "Ba zan yanke yau ba. Ku dawo bayan mako guda. Idan ya ci gaba haka, ba sai na ƙara ganinku ba."

Wannan karon Miriyamu ba ta nemi kalma ba. Kafin ta gama fassarawa tsohon ya riga ya kai goshinsa ƙasa a kan simintin ofis.

Yatsan ya tsaya. Gaɓar sama ta ƙage ba ta lanƙwasuwa sosai, farcen da ya fito kuma gajere ne mai gargada, kamar ɓawon gyaɗa. A ɗakin labo Miriyamu ta sauya hannu: duk abin da ta gani a gilashi sai ta rubuta, ko guda nawa ne, likita ya yanke hukunci. Yoshiya kuma ya daina cewa kada ruwa ya taɓa ya yi shiru. Yanzu yakan ƙara da cewa a bar shi ya sha iska, kada a sa leda, ya sa mutum ya maimaita.

Bayan an kai gero rumbu aka yi lallen. Tsakar gidan Kalebu ya cika da mata, na majami'a da na unguwa, ana guɗa ana tsokanar amarya. Ruth ta kawo ƙwaryar lalle ta ajiye, ta ja da baya ta ba Inna Binta wuri. Tsohuwar ta kama tafin Miriyamu da hagu, ta tsoma babban yatsan dama, ta danna shi a tsakiyar tafin ta riƙe, bakinta na motsi.

Sai ga murya daga zaure, inda maza ba sa wucewa.

"Tasafo! Ya isa haka! A goge shi, a shanya!"

Mata suka kwashe da dariya har wata ta faɗi a kan tabarma. Inna Binta ta yi tsaki, ta ce wannan tsoho zai kashe ta da kunya. Amma ta goge yatsan da haɓar zane, tsaf, har gefen farcen, ta ɗaga shi sama tana juya shi cikin iska.

Miriyamu ta dubi tafinta. Tambarin bai fito da kyau ba, ya ɗan karkace, kuma tabon ya bar siririn layi a tsakiyarsa inda lallen bai kama ba. Da mai zanen lalle ta matso da tsinkenta za ta gyara, sai ta rufe hannun ta ce a bar wannan yadda yake.